Kwana Casa'in da Ɗaya

Makera, Kaduna,
Juma'a, 1 ga Nuwamba, 1985.

Zuwa ga Zulai, sanyin idona, inuwar da nake fakewa a cikinta in rana ta take, ruwan randa a maƙogwaron wanda ya wuni yana shaƙar ƙurar auduga. Ya mai murmushin da ke mantar da ni ƙarar inji, ya mai tafiyar natsuwa kamar kogin Kaduna a ƙarshen damina, ya Zulaihatu 'yar Malam Bawa tela, wadda sunanta kaɗai ke sa in gyara zama!

Ina yi miki sallama irin ta wanda ya ƙosa da gani. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da ƙawayenki da jariran da kuke karɓa a hannu kullum. In kin tambayi tawa lafiyar, gangar jiki tana nan, tana tafiya masaƙa a Kakuri ƙarfe bakwai na safe, tana dawowa ƙarfe bakwai na yamma. Zuciya kuwa ta daɗe da yin ƙaura zuwa Romi, tana tsaye a ƙofar asibitin haihuwar nan naku inda aka kafa allo cewa namiji ba ya wucewa ɗakin kwanan ɗalibai. Ta ƙi dawowa, ni kuma na gaji da lallashinta.

Jiya Comfort, ƙawarki, ta bar mini takardarki a shagon Baba, mahaifinki, na kuwa karanta ta har ta fara yagewa a wajen ninki. Kin ce Sista Irene, shugabarku, ta karɓi kokenku na neman ƙarin hutu. Daga Litinin sha ɗaya ga wata kowace ɗaliba za ta riƙa zuwa gida sau ɗaya a mako, a rana tsayayya, ke kuma da aka zuba ƙuri'a Talata ce ta faɗo miki. Kin ce Litinin ɗin nan mai zuwa za a tara ku, ku goma sha uku, a ɗaga hannu, in ɗaya ta ƙi, a bar tsohon tsari yadda yake. Sai kika rufe takardar da tambayar da ta hana ni cin abinci, wai ni in gaya miki abin da za ki yi da hannunki. Zulai, wane irin kaya ne wannan kika ɗora mini? Kin san ranar hutuna Juma'a ce, ba ni da wata.

Kafin in ba ki amsa, bari in yi miki maganar maƙiyina, wanda na kwashe fiye da wata biyar ina zagi, yau kuma ga ni ina neman in riƙe masa ƙafa. Casa'in da ɗaya nake nufi.

Kin tuna Juma'ar da na fara ganinki, sha biyar ga Fabrairu? Na dawo daga masallaci na biya shagon Baba karɓar wandona, sai ga ki kin shigo da jaka a kafaɗa, kin durƙusa kina gaishe shi, ƙanshin sabulun asibiti yana bin ki. Wallahi na fita na bar wandon a kan keken ɗinki, sai da Baba ya ƙwala mini kira. Na yi ta zarya kowace Juma'a bayan nan, yau maɓalli ya cire, gobe aljihu ya ɓule, har Baba ya ce ko dai ɓera ne a ɗakina ko kuma wani abu nake nema a gidansa. Da na faɗi gaskiya bai kore ni ba, Allah ya saka masa. Ya ce in kin yarda shi ya yarda, amma makarantarku tana korar duk ɗalibar da ta yi aure, shi kuwa ba zai bari a taɓa karatunki ba sai kin karɓo takardar ungozoma a ƙarshen baɗi. Ban sake sa ki a ido ba sai sha bakwai ga Mayu.

A ranar ce na yi abin kunyar da har yau in na tuna sai in rufe fuska. Muna zaune a zaure, Inna ta aiko mana da soyayyar gyaɗa a faranti, ni kuma ina so in nuna miki cewa masaƙin nan ya taka aji huɗu na sakandare kafin rasuwar mahaifinsa ta cire shi. Na ce miki na ƙirga a kalanda, kwana casa'in da ɗaya ne tsakanin ganinmu na farko da na biyu, kuma wannan lamba tana cikin masu taurin kai, waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Na ce biyu ba ta raba ta, uku ba ta raba ta, biyar ba ta raba ta, haka ni da ke ba mai raba mu. Na faɗa ina kallon rufin zaure, ina jin kaina kamar wani shehin malami. Ke kuwa sai kika jawo farantin, kika ƙirga gyaɗa casa'in da ɗaya a kan tabarma da 'yan yatsun nan naki masu ƙirga ƙwayar magani, kika kasa ta kashi bakwai, kowane kashi goma sha uku, ko ɗaya ba ta yi saura ba. Sannan kika ɗago ido kika tambaye ni ko a aji huɗun namu ba a kai ga bakwai ba. Kika kwashe kashi ɗaya kika ci, kina dariya har da hawaye. Ranar na san na mutu a kanki, na kuma san in Allah ya haɗa mu ba ni zan riƙa yin lissafin gida ba.

Ke kika nuna mini inda lambar ta fito. Ku goma sha uku ne, kullum ɗaya tana zuwa gida bi da bi, don haka naki layin yana zagayowa duk kwana goma sha uku. Ni kuma tawa Juma'ar duk kwana bakwai. Bakwai da goma sha uku ba su da wata lamba da ke raba su tare, saboda haka ba inda za su haɗu kafin bakwai sau goma sha uku. Ranarki tana yawo cikin mako, wannan zuwan Alhamis, na gaba Laraba, na gaba Talata, tana ja da baya kamar mai wasa da ni, sai ta gama zagaye ranakun duka sannan ta faɗo a kan Juma'a. Zuwanki gida shida yana wucewa ina cikin masaƙa, a na bakwai ne kawai nake samun ki, daga saukowa masallaci zuwa ƙarfe biyar, don dole ki kasance a Romi kafin shida.

Tun daga ranar lambar nan ta shiga rayuwata ta ƙi fita. Kin san mutumin da aka kulle a ɗaki yakan ƙirga azarar rufi don ba shi da abin yi. Ni ma haka na zauna ina juya casa'in da ɗaya. Na gano in ka tara ɗaya da biyu da uku, ka yi ta tafiya har goma sha uku, ita za ka samu. A masaƙa akwai yadda muke jera kwarkwaron zare a jikin bango, goma sha uku a ƙasa, goma sha biyu a kansu, har a kai ga ɗaya a sama. Shekara uku ina wucewa ta gaban wannan jeri ban taɓa ƙirgawa ba, ashe kwanakin jirana ne aka tara mini a gabana! A kasuwar Kakuri akwai Mama Uzoamaka mai lemo, wadda ke gina tulin lemonta shida-shida a gindi, biyar-biyar a kai, huɗu-huɗu, har ƙwaya ɗaya a ƙololuwa. Talatin da shida, ashirin da biyar, goma sha shida, tara, huɗu, ɗaya. Na tsaya ina tarawa da yatsa, da na ga abin da ya fito na yi salati da ƙarfi, matar ta ce in ba saye zan yi ba in matsa mata daga gaban kaya. In kuma ka ninka ta sau huɗu, ɗari uku da sittin da huɗu ne, shekara ke nan ba kwana ɗaya. Sau huɗu a shekara, Zulai! Manomi ma yana ganin gonarsa fiye da haka. Ina rubuta sauran kwanakin da alli a gefen injina, kullum in goge in rage ɗaya, har helimanmu, shugaban ma'aikata, ya tambaye ni ko wani asiri nake yi wa injin.

Na nemi ƙofa ta kowane gefe, kin sani. Tun da aka rage ma'aikata bara, mu da muka rage muke yin aikin mutum biyu, an dakatar da hutun shekara, kuma duk safiya akwai mutum fiye da hamsin a bakin ƙofa suna jiran wani ya makara a ba su injinsa. Wanda ya yi fashin rana ɗaya ba takardar likita, ya bar aiki ke nan. In na bar aiki, da wace fuska zan tura manyana wurin Baba? Mahaifiyata da ƙannena a Giwa kuma su ci me? Ranar sallah an ba mu hutu, amma mata ba sa fasa haihuwa don sallah, kina can. Ina tashi ƙarfe bakwai, an rufe ƙofarku tun shida. Tsakanina da ke tafiyar rabin awa ce a bas, amma da kina Makka da ya fi mini sauƙi, don aƙalla da na san nisa ne ya hana.

To yanzu ga laifina, zan faɗe shi da bakina tun kafin ki faɗa. Ranar sha shida ga Agusta, ganinmu na uku, kin ce ƙawayenki sun roƙa in rubuta muku takardar koke da Turanci, a ƙara muku hutu. Abin da kuka nema ke nan, ƙarin hutu kawai. Ni kuwa kaina ya kumbura. Na aro ƙamus wurin maƙwabcina, na rubuta na kwafe har sau uku don kada a ga gogewa. Sai na ƙara layi ɗaya da ba wanda ya sa ni, na ce a ba kowace ɗaliba rana tsayayya a kowane mako, wadda ba ta canzawa. A raina na riga na gama tsarawa: za ki ɗauki Juma'a, mu riƙa ganin juna sau hamsin da biyu a shekara, in huta da alli. Ban tambaye ki ko ɗaliba ce ke zaɓa ba. Ban san Juma'a ce ranar awon masu ciki ba, ranar da mutum ɗaya kaɗai za a iya saki, ban kuma san Sista za ta zuba ranakun a ƙwarya kowa ta ɗauka, ta rubuta da tawada, ta ce ba musaya ba roƙo. Juma'ar ta faɗa hannun Hadiza, Allah ya sa mata albarka a ciki.

Ki duba wautar, sanyin idona. Da na rubuta a ba ku hutu duk kwana shida, da kun fi samun hutu, ni da ke kuma mu haɗu duk kwana arba'in da biyu. Da na ce duk kwana takwas, da kwana hamsin da shida ne. Ko tara, ko goma, duk akwai ranar haɗuwa. A cikin lambobin nan kaf, guda ɗaya ce ke rufe ƙofa ruf, ita ce bakwai, ita kuma na zaɓa da hannuna, da kyakkyawan rubutu. Bakwai ɗinki da bakwai ɗina za su yi ta tafiya kamar motoci biyu masu gudu ɗaya a hanyar Kachia, ta gaba ba ta jira, ta baya ba ta cim mata, kwana uku a tsakani har abada. Shekaranjiya, tun kafin takardarki ta zo, Comfort ta riga ta aiko mini da labarin, na je wurin helima tare da Ishaku, wanda hutunsa Talata ne, ya kuma yarda mu yi musaya don Allah. Helima ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce Ishaku na sashen rini ne, ni na sashen saƙa, kuma in Juma'ar ta ishe ni akwai masu so a bakin ƙofa.

Shi ya sa na ce ina neman riƙe ƙafar maƙiyina. Ashe casa'in da ɗaya mai tausayi ce ban sani ba! Tana da nisa, amma tana zuwa. Tana sa ni jira, amma ba ta taɓa saɓa alkawari ba. Saura kwana goma sha huɗu ta cika, sha biyar ga watan nan, sabon tsarin kuma zai fara kwana huɗu kafin nan, ya haɗiye mini ita ina gani, bayan na goge alli sau saba'in da bakwai. Na lissafa, zama biyar ya rage mana kafin ki gama. Zama biyar a zauren Baba, in ji muryarki ba ta cikin takarda ba, in ga yadda kike karkata kai in za ki yi mini tsiya. Wa zai ce in sallama su in ba wanda bai taɓa so ba? Zuciyata tana ihu tana cewa in roƙe ki, in ce Zulai, don girman Allah, ran Litinin ki bar hannunki a kan cinyarki. Hannu ɗaya ne fa! Ba sai kin yi magana ba, ba sai kin ba da dalili ba. Na rubuta wannan roƙon a wata takarda ɗazu kafin masallaci, na cika shafi biyu da shi, kuma na san in na aiko miki za ki yi, don na san ki. Wannan sanin ne ya tsorata ni.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba game da ranar Agustan nan. Ina cikin karanta miki abin da na fara tsarawa na koken, ina ta jan murya, sai na ji shiru ya yi yawa. Na ɗago na ga kin jingina da bangon zaure, barci ya ɗauke ki a zaune, bakinki a ɗan buɗe. Ƙafafunki sun kumbura har igiyar takalmi ta yi musu shaida. Bayan hannuwanki duk ya tsattsage saboda ruwan magani. Inna ta leƙo, ta ɗora yatsa a baki, ta koma. Minti arba'in ina zaune ina korar miki ƙuda da takardar koken, cikin awa ukun da na jira kwana casa'in da ɗaya in samu, kuma ban ji an cuce ni ko minti ɗaya ba. Da kika farka kika ce ido kawai kika rufe, na ce haka ne. Kwana goma sha biyu a tsaye, Zulai, rana ɗaya a gida, sannan wasu goma sha biyun. Ni da nake kuka da jirana, a kan ƙafafun nan naki nake jiran ashe. Ga kuma 'yan mata goma sha biyu da ke da irin ƙafafun, waɗanda ba su san ni ba sai a rubutu, suna murna tun da aka karanta musu amsar Sista. Yaya za ki kwana ɗaki ɗaya da su wata goma sha huɗu bayan kin zauna da hannu a cinya saboda wani masaƙi?

Na yaga shafi biyun nan. Ga amsata, kuma kada ki ɗauka da sauƙi ta fito: ki ɗaga hannunki. Ki ɗaga shi sama sosai, ki riga kowa, kada Sista ta ga alamar shakka a fuskarki. Ni na rubuta layin, ni ya kamata in ɗauki nauyinsa, ba ƙafafunki ba. Ki karɓi Talatarki, ki je gida ki ci tuwon Inna, ki miƙe a gado ki yi barci har ki gaji da shi. Ina jin zafin abin nan har cikin ƙashina, ba zan ɓoye miki ba, kuma ran sha biyar ga wata ban san inda zan sa kaina ba.

Abu ɗaya kawai nake roƙo, shi ma in ba zai takura ki ba. Ana ba mu minti goma sha biyar na sallar la'asar, daga ƙarfe huɗu daidai. Ba a barin mu fita, amma bayan wurin alwala akwai inda katangar masaƙa ta ƙare aka ci gaba da shingen waya, daidai wata bishiyar darbejiya, kuma daga nan ana ganin titi. Jiya na je na gwada. In na yi sallata a natse, ina samun minti bakwai a wurin. Basukan da ke tashi daga Makera zuwa Sabon Tasha ta nan suke bi, kuma akwai rami a titin da ke sa kowane direba ya taka birki. Na ƙirga, mota tana ɗaukar kamar numfashi uku kafin ta wuce bishiyar. In za ki koma ran Talata, ki shiga motar ƙarfe huɗu, ki roƙi kwandasta ya bar miki kujerar taga ta hannun hagu. Daga sha biyu ga watan nan zuwa ƙarshen Disambar baɗi Talata sittin ce, na duba kalanda sau biyu, ke ma ki duba don kin fi ni. Zan kasance a wurin duk sittin ɗin, ko ana ruwa ko ana rana, da shuɗiyar rigar aiki da auduga a gashina. Kada ki sauko, kada ki ɗaga murya, kada ki sa direba ya tsaya. In kuma barci ya ɗauke ki kafin motar ta iso, kada ki ce wa kowa ya tashe ki. Ni zan gan ki.

Ki gaishe mini da Comfort, ki ce na gode da wahalar da take sha da takardunmu.

Ni ne naki, wanda ya ba ki zuciyarsa bai rage komai ba, wanda ba zai kalli wata ba, ba zai gaji ba, ba zai sauya ba, har ranar da za ki fito daga ƙofar nan da takardarki a hannu, har kuma ranar da za a lulluɓe shi,

Shu'aibu Tanimu Giwa.